Koren Tulun Iya

Allah ya yi wa uwar mijina rasuwa a ƙarshen kaka, da hantsi, ana tsaka da sussukar gero. Daga gare shi muka fito, gare shi za mu koma, ita dai ta riga mu ne. Ba zan faɗi sunanta ba. Ban faɗe shi tana raye ba, ba kuwa zan fara yanzu don ƙasa ta rufe mata ido ba. Iya muke ce mata, mu da 'ya'yanmu da duk unguwarmu a nan Gure.

Mutane sun zo gaisuwa, ba laifi. Na Kelle sun zo a kan raƙuma, na Bune a kan jakuna. Ƙanwar mijina ta yi kuka har muryarta ta dishe. Mijina kuwa bai zubar da hawaye ba, ya zauna ne kawai yana duban ƙofar ɗakinta, kamar wanda ke jira ta fito ta yi masa faɗa a kan ya bar akuya ta shiga rumbu. Wadda ta fi kowa kuka ita ce tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda suka yi shekara da shekaru suna rigima da Iya a kan iyakar danga. Tana kuka tana cewa yanzu da wa za ta yi. Baffan mijina, wato ƙanin marigayi mijin Iya, ya samu gefen zaure ya zauna da carbinsa. Ana yi masa gaisuwa yana amsawa da kai.

Amma ni da nake cikin gida ina kai ruwa ina kawo tabarma, na ga abin da maza ba su gani ba. Duk matar da ta shigo sai ta ja tabarmarta nesa da ɗakin Iya. Ga inuwa a jikin bangon, amma ba wadda ta jingina da shi, sun gwammace rana. Na san dalili tun kafin in ji shi. Da na sunkuya zan ajiye ƙwaryar ruwa sai na ji wata tana raɗa wa ta kusa da ita cewa, “Ai ita ce ke riƙe da shi. Yanzu da ba ta, mai abu zai dawo neman abinsa.” Na taɓa jin irin wannan raɗa, kuma na san inda ta kusa kai mu. Koren tulun da ke ɗakin Iya suke nufi. Shi ya sa nake so in ba da labarinta tun ban manta da komai ba.

Tun ranar da aka kawo ni gidan nan nake tsoron Iya. Doguwa ce, siririya, ba ta ɗaga murya, kuma da ma ta riƙa ɗagawa da ya fi mini sauƙi. Amarya take ce mini, har na haifi 'ya'ya na aurar da ta fari tana ce mini Amarya. Ɗanta kuwa, da yake shi ne na fari, ba ta kama sunansa, sai dai ta ce, “Ina mutumin naki?” Idanunta sun soma dushewa tun da wuri, sai kunnenta da yatsunta suka karɓi aikin. In muka je kasuwa sayen tukunya, na shiga uku. Sai ta ƙwanƙwasa kowace tukunya da farce, ta kara a kunne, ta shafa cikinta, wani lokaci har ta ɗanɗana bakin da harshe, maginiya tana harara ni ina sunkuyar da kai. Takan ce, “Tukunya ba ta ƙarya, Amarya, mai sayar da ita ne ke yi.”

Tana da wasu halaye da ba mu san tushensu ba. Ba ta yarda a zo mata ta baya. Ba ta rufe ƙofar ɗakinta ko ana muku-mukun sanyi. In tana tankaɗe takan yi wata 'yar waƙa da wani harshe, ba Hausa ba, ba Barbarci ba, mu duk mun ɗauka addu'a ce. Abin da kowa ya sani shi ne 'yar Damagaram ce, mijinta ya auro ta can ya kawo ta, kuma danginta sun ƙare. Ba wanda ya taɓa tambaya fiye da haka, don ba fuska.

Da na yi haihuwar fari uwata tana nesa, Iya ce ta yi mini wankan jego har na yi arba'in. Ita ke saro itace, ita ke dafa ruwan, tana yi tana faɗa, wai 'yan matan yanzu ba su da ƙashi. Ranar da na ce mata na gode, sai ta ce in ajiye godiyar in ci tuwo da ita. Haka alherinta yake, ba ya zuwa sai da ƙaya a jikinsa.

Maganar tulu ta faru ne shekarar da fara ta cinye mana gero. Wanda ya ga wannan shekara ba sai an ba shi labari ba. Rumbunmu ya wayi gari ba komai a ciki sai ƙaiƙayi. Abin da ya rage mana a duniya shi ne lambunmu na cikin kwari, wato ƙasan da ke tsakanin tuddan rairayi, inda ruwa yake kusa, ga dabino ga goruba. A nan muka shuka albasa da alkama da ɗan rogo, mu da wasu gidaje da muke shan rijiya ɗaya. Shukar kwari ba ta san haƙuri ba, in ta kwana biyu ba ruwa ta tafi.

Ruwan rijiyar ya soma ja baya, sai mijina ya shiga yasarta. Yana cikin faɗaɗa ta ta wajen tudu sai gefen ya zabtare, wani abu ya leƙo daga cikin rairayi. Ya jawo shi ya miƙo mini, ni kuwa na karɓa ban duba ba, na zaci dutse ne. Da na zuba masa ruwa laka ta wanke, saura kaɗan in sake shi. Tulu ne mai hannu biyu, mai faɗin baki, kore shar, yana sheƙi kamar kwalba. Rana ta haska shi har na ga fuskata a jikinsa. Mu nan tukwanenmu ja ne ko baƙi, a taɓa su a ji ƙasa. Wannan kuwa santsi, sanyi ƙalau, kuma ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ba ko tsaga. Matan da ke ban ruwa suka taru, suka duba, suka watse ba wadda ta yi sallama.

Kafin la'asar magana ta gama gari. Wasu suka ce kayan mutanen ɓoye ne, mun fasa musu ɗaki. Wasu suka ce na mutanen farko ne, ƙattin nan da ake ba da labari, waɗanda suka zauna ƙasar nan tun kafin a san salla. Washegari kuma sai mijina ya kwanta da zazzaɓi, jikinsa na kaɗawa, haƙoransa na haɗuwa, yana sambatu. Shi ke nan, aka ce ga shi nan, mai abu ya fara. Ba wanda ya ƙara jan ruwa a rijiyar. Ni kaina, gaskiya ɗaya ce, na yarda. Na yi ta wanke hannuna da toka. Tulun yana can bayan danga inda na jefar da shi na rufe da tsohuwar tabarma, in zan wuce sai na kewaya.

Bulama, mai unguwarmu, ya aiko cewa za a taru a bakin rijiya, kuma abin da dattawa suka fi karkata a kai shi ne a mayar da tulun inda aka same shi, a cike rijiyar, a bar wannan ɓangaren kwarin ga masu shi. Ba mugunta ya yi ba, tsoro yake ji kamar kowa. Har da wani tsoron a kai, kada maganar ta kai bariki, kumandan, baturen mulki, ya aiko a tone kwarin gaba ɗaya. Na zauna na dubi 'ya'yana. In aka cike rijiya albasa ta mutu, alkama ta mutu, ga miji a kwance, ga rumbu wayam. In ba a cike ba kuma, ina jin kamar na sayar da ran mijina da albasa. Ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta ranar ba.

Duk wannan abin Iya tana wajen ɗanta tana ba shi jiƙo. Sai da safen ranar taron ta ce, “Amarya, kai ni in ga abin nan da ya hana gari barci.” Na ce, “Iya, ki rufa mini asiri.” Ta ce, “Kai ni.” Na ja ta har bayan danga na tsaya nesa. Ta yaye tabarmar ta tsuguna. Na ga hannunta ya sauka a kan tulun ya tsaya cak, ta daɗe a haka ba ta motsa ba. Na zaci abin ya kama ta ne, har na buɗe baki zan yi kururuwa. Sai na ga ta kai hancinta bakin tulun ta shaƙa, ta sake shaƙa, sannan ta zauna daɓas a ƙasa. Tunda nake ban taɓa ganin ta zauna a ƙasa ba tabarma ba.

Ta sa aka kira Baffa. Shi da ita da can akwai wasa, irin na ƙanin miji da matar wa, kullum yana tsokanarta tana rama wa. Ran nan ba wasa. Suka shiga ɗakinta, kuma da yake ba ta rufe ƙofa, ina tsakar gida ina jin su.

Ya ce, “Matar yaya, kada ki yi. Yayana ya rufe maganar nan har ya koma ga Allah, ni ma na rufe. Ki bar ta a rufe.”

Ta ce, “In ban faɗi inda na san shi ba, wa zai yarda da ni?”

Ya ce, “To a cike rijiyar. Rijiya ana haƙa wata. Sunan gida in ya zube ba a kwashe shi.”

Ta ce, “Kafin a haƙa wata shuka ta ƙone. Ka taɓa ganin an dafa suna an ba yaro ya ci?”

Ya ce, “Jikokinki za a riƙa nunawa da baki.”

Ta ce, “A nuna su suna raye.”

Ya fito fuu ya wuce ni ko kallo. A lokacin ban san wace magana ce aka rufe ba, na dai gane cewa Iya ta san tulun, kuma faɗin yadda ta san shi zai ja mana wani abu. Sai ta kira ni ta ce in ɗauko shi, hannunta ba ƙarfi. Na ce in kira wani. Ta ce, “Ke kika karɓe shi daga rijiya, ke za ki kai shi.” Na naɗa gammo na ɗauka. Daga gidanmu zuwa kwari ba nisa, amma ran nan na ji kamar Damagaram zan je da ƙafa. Ga tulu a kaina, ga Iya riƙe da gefen zanena, mutane na darewa suna ba mu hanya. Duk addu'ar da na iya na karanta, har da wadda ban iya ba. Duk taku ɗaya sai in ji kamar wuyana zai juya baya.

Mun tarar da bulama da liman da dattawa a ƙarƙashin dabino, mata suna can baya. Liman mutumin kirki ne, ya riga ya faɗa musu cewa shi bai san kan tukwane ba, kuma ba zai yanke hukunci a kan abin da bai sani ba. Na sauke tulun a tsakiya, kowa ya ja da baya. Iya ta tsuguna ta gaishe su, ta ce a ba ta dama ta tambayi tulun, in ya so su yi abin da suka ga ya dace.

Ta ƙwanƙwasa shi da farce, ya yi wata ƙara siririya. Ta ce, “Kun ji? Wuta ya sha, fiye da wadda namu ke sha. Mu a fili muke gasa tukwane da kara da kashin shanu. Wannan a ɗakin wuta aka gasa shi, rufaffe.” Ta kifa shi ta nuna gindin, inda shafen bai kai ba. “Ku dubi yumɓun. Fari ne mai ɗan rawaya. Daga nan har Kukawa ba inda ake haƙa irinsa.” Ta lashi wajen da harshe ta ce yana kama harshe, ƙasa ce kamar kowace ƙasa. Koren kuwa, in ji ta, wani ruwa ne ake haɗawa a tsoma tulun a ciki, in wuta ta ci shi sai ya narke ya zama kamar kwalba. Ta nuna inda ruwan ya gangaro ya daskare kamar hawaye, da wani tabo a gefe inda ya manne da ɗan'uwansa cikin wuta aka ɓalle su. Ta ce, “Mai aikin nan gaggawa yake yi. Na san irinsu, ana biyansu ne da yawan abin da suka gina.”

Ta zura hannu ciki ta ce akwai layi-layi suna zagayawa tun daga gindi har wuya, domin a kan wani faifan katako ake gina su, ana juya shi da ƙafa, yatsu na jan yumɓu sama. Sannan ta lalubi ƙarƙashin hannun tulun ta tsaya. “Bulama, kawo babban yatsanka.” Bulama ya dubi liman, liman ya dubi ƙasa. Da ƙyar ya miƙo hannu. Ta kama yatsan ta ɗora a wani ɗan lotsi, ya zauna daidai kamar an auna. Ta ce, “Nan magini ya danna don hannun ya kama. Ɗan Adam ne, yatsansa kamar naka. Har zanen fatarsa yana nan.”

Wani dattijo ya ce to ko da mutum ne ya gina, ai zurfin da aka same shi ya nuna tun zamanin mutanen farko yake. Iya ta juya wajen tudu ta ce, “Dabinon can da rairayi ya ci har wuya, lokacin da aka kawo ni garin nan ina tsinkar 'ya'yansa da tsani. Rairayin nan tafiya yake, ba ya buƙatar zamani mai tsawo kafin ya binne tulu.” Ta nuna yadda gindin ya suɗe, da inda igiya ta ci wuyan, ta ce ya daɗe yana tafiya a bayan raƙumi kafin ya kwanta. Ta ce man zaitun ake zubawa a irinsu, kuma in an bar shi a rana har yanzu hanci zai ji ɗan saura. “Ya girme ni, ya yi sa'ar uwata ko kakata, bai wuce nan ba. Waɗanda ake yi ina yarinya korensu ya fi haske, hannunsu siriri. Masu kaurin hannu da duhun kore irin wannan tsofaffi ne tun a lokacin. Ayarin Larabawa masu bi ta nan daga Damagaram zuwa Kukawa ne suka yada zango a kwarin nan suka bar shi. Ko mantawa suka yi ko gudu suka yi, wannan ban sani ba, ba kuwa zan ce na sani ba.”

Sai bulama ya yi tambayar da kowa ke son yi. Ya ce, “Iya, ba ƙaryata ki nake ba. Amma ke 'yar Damagaram, ina kika ga ɗakin wuta da faifan da ake juyawa da ƙafa?”

Na ga Baffa ya sunkuyar da kai. Iya ta gyara lulluɓinta ta ce, “Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ni ba 'yar Damagaram ba ce. Ban san sunan garinmu ba. An kama ni ina ƙarama, aka ƙetare sahara da ni, aka sayar da ni a Turabulus. Baiwa nake a gidan wani mai sayar da mai. Aikina wanke irin tulunan nan, tun hannuna yana shiga har kafaɗa. A ɗakin ajiyar uwar maigidan akwai tsofaffi irin wannan sak, waɗanda ta zo da su gidan aure. Daga baya aka dawo da ni Damagaram cikin kayan wani falke, a can mijina ya fanshe ni ya aure ni. Ga inda na san shi.”

Na tuna waƙar tankaɗe da ƙofar da ba a rufewa. Iya ta ce in jawo ruwa. Na jawo daga rijiyar da kowa ke gudu, ta zuba a tulun ta girgiza ta zubar, ta sake zubawa ta sha, ta miƙo mini. Na sha. Game da ɗanta kuwa ta ce zazzaɓin kwari ne, wanda ke kama duk mai yini tsaye cikin ruwa, ba yau aka fara ba. Bulama ya ce to a ci gaba da ban ruwa, a ga yadda mai jiki zai yi.

Kwanakin da suka biyo su ne mafi tsawo a rayuwata. Kowa ya san cewa in mijina ya mutu, rijiya ta tafi, Iya kuma ta tona kanta a banza. Ni kaɗai nake ban ruwa da yarana, sauran gidaje suna leƙe daga kan tudu. Da safe in taɓa goshinsa, in ruga kwari, in dawo in sake taɓawa. Allah cikin ikonsa zazzaɓin ya sauka. Ranar da ya nemi fura da bakinsa na shiga bayan ɗaki na yi kuka. Sannu a hankali maƙwabta suka dawo rijiya. Albasar nan da alkamar nan su suka fitar da mu shekarar, mu da su.

Abin da Baffa ya ji tsoro ma bai fasa faruwa ba. An kira 'ya'yana jikokin baiwa a wajen wasa, sun dawo gida suna kuka. Wasu matan da suka ci albasar rijiyar sun daina aiko mana da tuwon biki. Ya yi mini ciwo ƙwarai, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Iya kuwa ko a jikinta, sai dai ta ce wa yaran su ci abinci. Baffa bai ƙara yi mata wasa ba. Gaisuwa kawai, daga bakin zaure.

Tulun ta kai shi ɗakinta. Ta ce ba shi da amfani wajen ruwa, tunda ba ya zufa ba ya sanyayawa, randarmu ta fi shi sau dubu. Amma danshi ba ya shigarsa, gara ba ta cinsa, sai ta mayar da shi ma'ajiyar irin albasa. Kowace shekara in kaka ta wuce, lokacin zuba iri ya yi, takan fito da shi tsakar gida, duk mai lambu a kwarin ya zo ya ɗiba kyauta, har da waɗanda suka zage ta. Sharaɗinta ɗaya ne: ba ta ɗebar wa kowa. “Mai son iri ya sa hannunsa.” Na ga manyan maza suna rufe ido suna zura hannu kamar za su kamo kunama, ita kuwa tana dariya ƙasa-ƙasa. Na zaci da haka tsoron ya mutu. Ashe wasu sun ɗauka ne cewa ita ke da laƙanin riƙe shi. Baffa kuwa bai taɓa zuwa ba, yana sayen irinsa a kasuwa.

To ga shi ta rasu daidai lokacin zuba iri, irin unguwa duka yana cikin tulu, tulu yana ɗakin da ba mai son jingina da bangonsa. Ranar sadakar uku raɗa ta zama magana. Wata ta ce a kai shi kwari a binne da abin da ke ciki. Wata ta ce ita dai bana ba za ta ja ruwa a rijiyar nan ba sai ta ga abin da zai faru. Na dubi mijina, baƙin ciki ya hana shi jin komai. Na gane cewa in ban tashi ba, za mu koma inda muka fito, kuma abin da Iya ta saya da sunanta zai tafi a iska.

Ba zan ce ban ji tsoro ba. Na shiga ɗakinta, ga tabarmarta a naɗe, ga ƙanshinta, ga tulun a lungu yana sheƙi. Wata zuciya tana ce mini in fa gaskiya ne ita ke riƙe da shi. Na yi bisimilla na ɗauka. Na wuce ta tsakiyar mata suna janye ƙafafu, na kai shi har ƙofar zaure inda maza suke, abin da ban taɓa yi ba. Na durƙusa na ƙwanƙwasa shi da farce. Na faɗi abin da ta faɗa, yumɓun da ɗakin wutar da layin yatsu da dabinon da rairayi ya ci. Na faɗi Turabulus, na faɗi cewa baiwa ce ta wanke irinsa tun tana ƙarama, kuma ita ce uwar mijina, kakar 'ya'yana. Sannan na buɗe bakin tulun na ce, “Iya ta ce mai son iri ya sa hannunsa.”

Ba wanda ya motsa. Na daɗe a durƙushe har gwiwata ta soma ciwo, ina jin idon mutane a kaina. Sai na ji motsi daga gefen zaure. Baffa ne yake miƙewa da sandarsa, ya tsufa ƙwarai yanzu. Ya tako a hankali ya tsuguna a gabana ya ce, “'Yata, ina wajen yatsan?” Na kama hannunsa na ɗora babban yatsansa a ƙarƙashin hannun tulun. Ya daɗe a haka. Sannan ya zura hannu ya ɗebo iri cike da tafinsa, ya ƙulle a bakin rigarsa. Ya ce, “Matar yaya ta fi ni gaskiya. Ga jikokin nan suna raye.” Sai ya fashe da kukan da bai yi ba tun ranar rasuwar. Bayansa bulama ya taso, sannan sauran, mata ma suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Irin ya tsiro, albasa ta yi kore a kwari, muna jan ruwa a rijiyarmu. Tulun yana ɗakina yanzu, kuma na soma koya wa 'yata inda ake ɗora yatsa. Allah ya jiƙan Iya, ya yafe mata, ya yalwata mata makwanci, ya sada ta da iyayen da aka raba ta da su tun ba ta san sunan garinsu ba. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.